Kwana Uku A Dajin Yankari

Tun da Edita ya yi shela cewa duk wanda ya ga wani abin faɗi a lokacin hutu ya rubuto, na ga ya kamata in ba malamaina da 'yan'uwana ɗalibai labarin wata tafiya da muka yi da mutanen gidanmu zuwa dajin Yankari cikin watan Disamba na 2022. Saboda waɗanda ba su san wurin ba, Yankari gandun namun daji ne a ƙasar Bauci, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya ɗara murabba'in kilomita 2,200. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe shi cikin 1956, aka buɗe shi ga masu kallo ran 1 ga Disamba 1962. Cikin 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, sa'an nan cikin 2006 aka mayar wa jihar Bauci da abinta.

Yayana ne ya kawo maganar, shi ne kuma ya ɗauki nauyin kome. Da ya gaya wa Baba, sai Baba ya dube shi, ya ce, "Watau yanzu daji ne za mu biya kuɗi mu shiga? Ni da na tsufa ina sassabe shi?" Baba manomi ne, tun da ya ke kuwa bai taɓa yin tafiyar da babu biki, ko ta'aziyya, ko cin kasuwa a ƙarshenta ba. Sai da Inna ta sa baki kana ya yarda. Muka tashi mu bakwai, har da matar Yaya da ƙannena biyu, muka bi ta Birnin Kudu da Ningi muka kwana Bauci. Da gari ya waye muka kama hanyar Gwambe har Dindima, inda gada ta ƙetare kogin Gongola. Nan a ke barin babbar hanya a yi kudu zuwa Mainamaji, ƙauyen da ƙofar dajin ta ke. Daga ƙofa zuwa masauki kuwa akwai wajen kilomita 40, ba gida ba gona, sai kawo da marke da tsamiya, da ciyawa ta bushe ta yi ja.

Sunan masaukin Wikki. Ɗakuna ne aka jera a tsakiyar daji, akwai masu tsada akwai masu sauƙi, da ɗakin cin abinci, da wani ɗaki inda aka tara fatu da ƙasusuwa da haure, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga hannun masu farauta a ɓoye. Amma masu gida na ainihi a Wikki su ne gwaggon biri da gadu. Gadu ba ruwansa da kowa, ya durƙusa bisa gwiwa yana ta tonon saiwa a bakin ƙofarka. Gwaggon biri kuwa, Allah ya kiyashe ku. Ma'aikata sun gargaɗe mu tun isowarmu, suka ce a riƙa kulle ɗaki, kada kuma a riƙe abinci a fili. Duk da haka ba mu gama sauke kaya ba sai wani ƙato ya zo a natse, kamar wanda aka aiko, ya ɗauke ƙunshin dambun naman da Inna ta kwana biyu tana yi, ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ci yana kallonmu. Inna ta ce ba ta yafe ba. Baba ya ce ai harajin mai gari ne, kowane baƙo ya kan biya.

Daga masaukin a kan sauka ta wani tsani mai tsawo zuwa marmaron da ya ba wurin suna. Ruwan yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, ya miƙe tsakanin itatuwa bisa farin rairayi, garau, har mutum yana iya ƙirga yatsun ƙafarsa yana tsaye a ciki. Zafinsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, watau ɗumi ne kawai, bai kai na jikin mutum ba. Dalili kuwa, daga can cikin ƙasa ya ke fitowa, inda sanyin hunturu ba ya kaiwa. An auna an ce yana zubar da lita miliyan 21 kowace rana cikin kogin Gaji. Da rana wurin ya kan cika da samari da 'yammata, abin da bai yi wa Inna daɗi ba, ni ma dai ban ga laifinta ba. Saboda haka sai muka riƙa zuwa bayan sallar asuba, sa'ad da ba kowa, tururi na tashi bisa ruwan, sanyi na kaɗa haƙora. Inna ta kan zauna a bakin ruwa ta tsoma ƙafafunta, ta ce rabonta da ta ji gwiwoyinta sun saki haka tun kafin a haifi autarmu.

Kallon namun daji a mota a ke yi, safe da yamma, da ɗan jagora. Rani ne lokacinsa, gama ciyawa ta kwanta, ƙishirwa kuma ta tattaro kome zuwa bakin Gaji. Ran farko muka ga gwambaza da mazo da kanki, da garken ɓauna daga nesa, da burtu yana tafiyarsa ta ƙasaita. Aka kuma kai mu kogunan Marshall, ɗakuna ne da mutanen dā suka fafe a jikin dutse, aka sa musu sunan Baturen da ya bayyana labarinsu cikin 1980. Zaki dai ba mu gani ba.

Sai ran na biyu da la'asar sakaliya ɗan jagora ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Muka ji itace na karyewa. Can sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wata babbar uwa a gaba, 'ya'ya a tsakiya, suka ratsa hanya a gabanmu ba gaggawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin ƙarar sawunsu. Dabba mai wannan nauyi, amma tana taka ƙasa kamar mai tafiya bisa auduga. Uwar ta tsaya, ta buɗe kunnuwa, ta dube mu. Hausawa na cewa giwa a garin wani zomo ce. To, nan garinta ne, mu ne zomaye. Autarmu ta cusa kai cikin mayafin Inna. Baba kuwa ba abin da ya ke yi sai tasbihi. Da suka wuce ya ce mini, "Malam ƙarami, shekara sittin ke nan da na wanke Suratul Fili a allo, sai yau na san abin da na karanta."

Da a nan labarin ya tsaya da ban dame ku da shi ba, don kuwa kowa ya je Yankari da irinsa ya ke komowa. Ran da za mu tafi muka tsaya Mainamaji sallar azahar. Bayan an sallame, wani dattijo ya ga baƙin fuska ya yi mana maraba, ya sa jikansa ya kawo tabarma da ruwa. Ya ce wa Baba, "Malam, kun gan ta?" Baba ya ce, "Mun gan ta, alhamdu lillahi." Ya yi murmushi, ya ce, "To, madalla. Ku kuɗi kuka biya kuka gan ta. Ni kyauta ta ke zuwar mini, har gona."

Nan fa hira ta tsinke tsakaninsu, irin ta manoma, mu yara muka koma 'yan kallo. Ya ce giwa ba ta san iyakar gandu ba. In dawa ta yi kai, masara ta nuna, sai garke ya fito da dare. Shekarar da ta wuce, in ji shi, a dare guda suka shiga gonarsa, abin da ba su ci ba suka tattake, inda ya ke sa ran dami arba'in sai shida ya ɗaure. Baba ya tambaye shi, kaura ce ko farafara? Ya ce kaura. Baba ya girgiza kai, ya daɗe bai ce kome ba. Ya san fari, ya san jan baki, ya san wuta-wuta, amma bai taɓa jin ɓarnar da a ke yi wa mutum tsakanin lisha da asuba ba. Dattijon ya ce in kaka ta gabato a gona su ke kwana, bisa rumfunan da suka ɗaura a kan itatuwa, suna hura wuta, suna kaɗa gwangwani, suna haska tocila, in abin ya fi ƙarfinsu su buga wa masu gadin daji waya su zo su kora. Yaya ya ce, "Baba, ashe kuna so a rabu da su ke nan?" Ya ce, "A'a, ɗana, ban ce a kashe ta ba. Ubana maharbi ne, ya kuwa gaya mini abubuwan da ya gani a dajin nan da yanzu babu su. Ni dai a san muna nan."

Na ja jikan nasa gefe, yaro ɗan aji biyar. Ya san sawun giwa daga na dorina, yana iya duban kashinta ya faɗi ko na jiya ne ko na shekaranjiya. Amma da na tambaye shi ruwan Wikki, sai ya ce labari ya ke ji, bai taɓa zuwa ba.

Wannan shi ya tsaya mini a rai, domin mu ne za a tura irin waɗannan makarantu. Littafin da za a ba mu ya ce a kiyaye namun daji, gaskiya kuwa ya faɗa. Giwa ta kan yi wata 22 da ciki, ta haifi ɗa guda, sa'an nan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake. Garken da aka karkashe ba ya komowa a zamanin mutum ɗaya. Saboda haure aka yi ta kashe ta a Afirka har ƙasashen duniya suka hana cinikinsa a tsakaninsu cikin 1989, na Yankari kuwa suna cikin kaɗan da suka rage a Nijeriya. Amma babbar giwa tana iya cin abin da ya kai kilo 150 a yini, littafin kuwa bai faɗi ko gonar wa za ta ci ba. Malamin da ya tsaya gaban yaron nan ya ce masa giwa dukiyar ƙasa ce, alhali yaron ya kwana bisa itace yana kaɗa gwangwani, lalle yaron zai rubuta a jarrabawa ya ci, amma ba zai gaskata ba, watakila ma ya daina gaskata sauran abin da malamin ke faɗi. A ganina sai a fara da tambayarsa abin da ya sani, gama ya fi malaminsa sanin giwa, a kuma nemi hanyar da za a kai 'yan ajin su ga Wikki ko sau ɗaya, su ga abin da ke kawo baƙi daga nesa. Na gaya wa dattijon wata dabara da aka gwada a Kenya, inda a ke kewaye gona da amya a haɗa su da waya, giwa na taɓa wayar sai ƙudan zuma su tashi, ita kuwa tana tsoronsu ƙwarai. Ya saurara da kyau, kana ya ce, "Gonata amya nawa za ta ci, wa kuma zai saya?" Tambaya ce ta gaskiya, ta kuma cancanci a kai ta gaban manya.

Daga nan muka komo Dindima muka ci kifi a bakin gada, muka leƙa Alkaleri don Inna ta sayi tsaraba, muka kamo hanyar gida. Autarmu ta ciko wata kwalba da ruwan Wikki don ta kai wa Kaka ta ji ɗuminsa, ta rungume ta tun daga can. Da aka buɗe a gida aka tarar ya yi sanyi ƙalau, ta yi ta kuka tana cewa an musanya mata.

Maƙwabta suka yi ta zuwa yi wa Baba barka da dawowa. Na lura labarin giwa a taƙaice ya ke ba su, amma in ya zo kan dami arba'in da suka koma shida sai ya gyara zama. Bayan mako guda ya sa aka auna buhun kaura daga rumbunsa, ya ce wa Yaya ya nemi direban da ke bin hanyar Bauci, a kai wa mutumin Mainamaji.