Wa zai biya ka in iska ta ɗauke farantin sola?

A 2018 aka buɗe babbar tashar wutar rana a Malbaza. Mu a ƙauyukan Madawa, Buza da Keita, wutarmu ƙarama ce: faranti ɗaya bisa soro, batir ɗaya cikin ɗaki. Wani albasarsa ya sayar ya saye su, wata tunkiyarta.

Iskar farkon damina takan fizge faranti. Ruwa yakan kada ɗaki bisa batir, kamar yadda gidaje suka faɗi a ambaliyar 2024. Ga ɓarawo kuma.

Ɗalibaina na yaƙi da jahilci sukan nuna mini takardar garanti, su ce ta isa. Ba ta isa ba. Garanti na kayan da ya zo da aibi ne tun daga inda aka ƙera shi. Inshora dabam take: kana biyan kamfani kuɗi kowace shekara, in asara ta same ka ya biya ka, amma sai abin da aka rubuta. In babu faranti da batir cikin takardar gidanka, babu ruwansa.

Kamfanonin nan suna birni. Shawarata, mu buɗe asusu a garinmu, kowa ya zuba ranar kasuwa, a rubuta cikin littafi. Wanda ya yi asara, a tallafe shi. Ka ajiye takardar ciniki. Ka ɗaure faranti da ƙarfe, ka ɗaga batir daga ƙasa. Kada ka sa hannu ga takarda sai ka karanta ta da kanka.