Ƙofar garke da ƙasar da ba ta zama wuri ɗaya

Wanda zai haɗa ƙofar garke yakan auna faɗi da tsayi, ya kai wa mai walda, ya ɗauka magana ta ƙare. Amma ƙasar da ake kafa ginshiƙi a cikinta motsi take yi. Da damina laka ta yi laushi, nauyin ƙyaure ya rinjayi ginshiƙin, bakin ƙyauren ya fara jan ƙasa. Taki kuma yana taruwa a bakin ƙofa har ƙyauren ya ƙi buɗuwa. Da rani an kwashe takin zuwa gona, sai ga rata a ƙasa wadda ɗan akuya zai sulale ta cikinta. Shi ya sa nake ganin marataya mai dogon zare da noti biyu ta fi wadda aka liƙe da walda. A sassauta wannan noti, a ɗaure wancan, ƙyaure ya miƙe ba tare da an tone ginshiƙi ba.

Za a ce tsada ce, alhali makiyaya sun daɗe suna tare ƙofa da sanduna. Gaskiya ne, sai dai sandunan nan ma daidaitawa ake yi: a zare na ƙasa tumaki su fita, shanu na ciki. Tsoron ɓarawo ya fi ƙarfi a wurina, domin ƙyauren da ake ɗagawa ana iya cire shi da dare. Maganinsa a juya ƙusar maratayar sama ta kalli ƙasa, ta ƙasa ta kalli sama, a kuma daddake bakin zaren don kada notin ya fita.