Wace Ƙwaƙwalwa Za a Rubuta wa Na'urar Kwalekwalen Yawuri?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, Kogin Kwara ya zama tafki daga Busa har zuwa ƙasar Yawuri. Ruwan ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibiran Gungawa masu yawa, aka tayar da mutum fiye da 40,000. Ya kuma rufe dazuzzukan da ba a gama sarewa ba, kututturansu na nan a ƙasa har yau. Tafkin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sau biyu yake samun cika a shekara: farar ambaliya mai laka, wadda damunar yankinmu ke kawowa daga Agusta zuwa Oktoba, da baƙar ambaliya, wadda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ta yi watanni a fadamun Mali, ta iso tsakanin Disamba da Fabrairu. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai kusan mita 10. Hanyar da kwalekwale ya bi lafiya a Janairu tana iya zama tarko a Yuni.

Mutanen Ngaski ba su manta Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara ya nutse da mutum fiye da 100. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodi fiye da kima da tsufan jirgi, kuma babu na'urar da ke maganin wannan. Amma abin da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa ana iya auna shi.

A ƙaddara wani matashin injiniya ɗan Yelwa, wanda ya yi karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ya ƙudurta haɗa na'urar awon zurfi da matuƙi zai ɗaura a gefen jirginsa. Na'urar za ta harba sauti cikin ruwa, ta jira amsa-kuwwa. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka daga zurfin mita 10 amsar na dawowa cikin kusan kashi 13 bisa 1,000 na daƙiƙa. In kunne ɗaya na'urar ke da shi, ƙaramin cif na kasuwa ya wadatar, kuma injiniyan kirki zai tsaya a nan ya huta. Matsala na zuwa ne in ana son kunnuwa huɗu ko takwas su saurara a lokaci guda, don a gane ko kututturen yana dama ne ko hagu. A nan ake komawa ga cif ɗin da ake kira FPGA.

Sauran cif an zana su ne sau ɗaya a masana'anta, kamar rubutu a kan dutse. FPGA kuwa allo ne: ana wankewa a sake rubutu. Kamfanin Xilinx ne ya fara fitar da shi a 1985. Cikinsa dubban ƙananan gurabe ne, injiniya ya rubuta yadda za a ɗaure su da juna, su zama da'irar da yake so. Kunnuwan takwas kowane zai sami nasa mai ƙidaya, duk su yi aiki tare, babu mai jiran wani.

Sai dai masu ƙidaya ba sa magana da mutum. Ana bukatar magatakarda da zai karɓi lissafinsu, ya nuna lamba a fuskar na'ura, ya kaɗa ƙararrawa in ruwa ya yi gajarta. Maimakon a sayo wani cif, sai a rubuta wannan magatakarda a kusurwar allon. Ita ce rubutacciyar ƙwaƙwalwa, kuma zaɓenta ne ke raba kan masu sana'ar.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki ta kamfani. Xilinx na da MicroBlaze, Altera na da Nios II, kowacce a ɗaure da cif ɗin mai ita. Tarihinsu kaɗai ya isa jan kunne. Intel ya saye Altera a 2015, AMD ya saye Xilinx a 2022, kuma Nios II da aka gina dubban na'urori a kanta an yi mata ritaya, aka ce kowa ya koma Nios V. Kamfani a Jamus yana da ma'aikatan da za su yi wannan ƙaura. Mutum ɗaya a Yelwa, mai sayen kaya da dala, yana jiran saƙo makonni, ba shi da su. Abin lura, Nios V da sabuwar MicroBlaze V duk a kan RISC-V aka gina su, wato tsarin umarnin da aka fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 2010 aka bar shi a buɗe ga kowa. Manyan ma sun bi sahu.

A cikin buɗaɗɗun, wadda ta fi suna ita ce PicoRV32 ta Claire Wolf. Fayil ɗaya ce a harshen Verilog, ɗalibi zai iya karance ta cikin mako guda, tana cin gurabe tsakanin 750 da 2,000 gwargwadon abin da aka kunna. Ba ta da sauri, kowane umarni na cin bugun agogo kamar huɗu. VexRiscv ta Charles Papon ta fi ta gudu nesa ba kusa ba, har Linux tana iya ɗauka in an faɗaɗa ta, amma an rubuta ta da SpinalHDL, wanda sai mutum ya bi ta harshen Scala kafin ya taɓa cikinta. NEORV32 ta Stephan Nolting, a harshen VHDL, tana zuwa da kayan aikinta a haɗe da bayani mai tsafta ƙwarai. Ibex, wadda ta samo asali daga ETH Zurich, lowRISC ke kula da ita, an fi tantance ta, amma ta yi wa wannan aiki girma.

Sai SERV ta Olof Kindgren, wadda ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Sauran suna ɗaukar lamba mai bit 32 gaba ɗaya. Ita kuwa bit ɗaya-ɗaya take bi, kamar mai ƙirga gero da tsinke. Umarni guda na cin bugu 32 ko fiye. Ladan wannan haƙuri shi ne gurabe kamar 200 kacal take ci. A cif ɗin Lattice iCE40 UP5K mai gurabe 5,280, ta bar wa kunnuwan sauti kusan dukan filin. Kuma ko da agogo mai bugu miliyan 12 a daƙiƙa, tana gama umarni fiye da 100,000 kafin daƙiƙa ta cika. Magatakardan da aikinsa nuna lamba sau biyar a daƙiƙa, me zai yi da abin da ya fi haka?

Duk da wannan, hankali ya fi kwanciya da PicoRV32 a aikin farko, kuma dalilin ba na lissafi ba ne. Matuƙin Yawuri da zai sayi injin jirgi, kafin ya tambayi ƙarfinsa yakan tambayi ko makanikin bakin kasuwa ya san cikinsa. Wayon SERV yana da wuyar bi ga wanda bai saba ba, alhali PicoRV32 a shimfiɗe take, kuma duk wanda ya gaji na'urar bayan shekara goma zai iya bin sawunta layi-layi. In fili ya ƙure, a sauka zuwa SERV. Tunda duka RISC-V ne, manhajar da aka rubuta da C sai ɗan gyara take bukata.

Akwai kuma batun kayan haɗawa, wanda masu zaɓe ke yawan mantawa. Manhajojin manyan kamfanoni na cin gigabait gommai, wasu na neman lasisi, abin da ke da nauyi ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa. Cif ɗin iCE40 ana iya tsara shi kaf da Yosys da nextpnr, buɗaɗɗu, marasa nauyi, masu aiki a tsohuwar kwamfuta ba tare da intanet ba. PicoRV32 da SERV duk lasisin ISC gare su, wanda ya yarda a sayar da na'urar muddin an bar sanarwar masu rubutun a cikin fayil. Injiniyan zai iya zuba ƙwaƙwalwar da manhajar da kayan haɗawar duka a filashi ɗaya, ya ajiye kwafi a sashensu na Aliero, sannan ya jira Yuni, lokacin da ruwa ke janyewa kututture ya matso sama, ya fita gwaji tsakanin Yelwa da Wara.