Hancinmu Ya Dawo Aiki

Jama'a, da yawa daga cikinmu a nan zango mun yi fama da wannan lalura bayan annobar Korona ta 2020. Zazzaɓi ya sauka, amma hanci ya daina jin ƙamshi. Miyar daddawa ta zama salam, tuwo ya ƙone ba mu sani ba, tukunyar gas tana yoyo sai yara suka faɗa mana. Likitoci suka ce jijiyoyin hanci sukan farfaɗo, mu riƙa shinshina kanumfari da lemun tsami safe da yamma har wata 3. Muka daure, ƙamshi ya dawo sannu a hankali. Wanda nasa ya ƙi dawowa ya garzaya asibiti. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.