Littafin da na riƙe shekara goma sha ɗaya

Ran Lahadi na sayi ƙosai na dala ashirin a kasuwar Filinge, aka ƙunshe mini a takarda. Ina buɗewa sai ga darasin lissafi na aji huɗu na kolej, har da rubutun wani yaro a gefe. Irin littafin ne sak da na sayo wa ɗiyata a Yamai bara saboda BEPC, kuɗin da sai da na sai da akuya.

Da na koma gida na buɗe akwatin da ta ajiye nata. Gara ta cinye kusan rabi. Wata tara kawai aka yi ana karanta shi, alhali ɗan maƙwabcina bana kwafe darasi yake da hannu don babansa ba shi da hali.

Takardar nan ba a Nijar ake yin ta ba. Itace aka sare a wata ƙasa, aka ɗauko ta a jirgin ruwa, sannan mota ta kawo ta har nan. Ƙarshenta cikin gara, ko bola, ko cikin akuya tare da leda. Da a ɗakin karatu yake, yara goma sun mori littafi guda kafin ya tsufa.

To amma aro sai da mayarwa, kuma nan ne ni kaina na ji kunya. A ƙasan akwatin nan na tarar da Sarraounia na Abdoulaye Mamani, labarin Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. A wani ɗakin karatu na Yamai na aro shi ina ɗalibi, sati biyu aka ba ni. Yau shekara goma sha ɗaya. Hatiminsu na nan a shafin farko. Allah kaɗai ya san yara nawa suka zo nema aka ce musu ya fita.

Na tattara goma sha huɗu da gara ta bari, zan kai wa daraktan lakkol ɗin unguwarmu tare da kaye na rubuta sunan mai aro. Wanda ke da nasa a akwati, don Allah ya duba kafin damina. Sarraounia kuwa tana cikin jakata, ran Alhamis zan shiga motar Yamai.