A Gyara Ko A Rushe? Ra'ayina Game Da Filin Wasan Ƙofar Mata

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in faɗi albarkacin bakina a kan wata magana da ta daɗe tana raba kawunanmu, mu 'yan Kano da ke wannan makaranta. Maganar ita ce ta filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Waɗansu suna cewa filin ya tsufa, ya kuma yi wa birni kamar Kano kaɗan, saboda haka a rushe shi a gina sabo a bayan gari. Waɗansu kuwa suna cewa a bar shi inda yake a gyara. Ni dai ina cikin masu cewa a gyara, kuma ga dalilaina.

Da farko, filin nan yana da tarihi. A 1999 an buga wasannin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a cikinsa. A 2000, lokacin da Nijeriya da Gana suka haɗu suka ɗauki nauyin gasar cin kofin Afirka, Kano na cikin birane 4 da aka zaɓa, tare da Legas da Akara da Kumasi. Babana ya sha ba mu labarin yadda ya ga 'yan wasan Masar da na Senegal da idonsa a wannan shekara, shi da bai taɓa fita ƙasar waje ba. A 2009 kuma, shekarar da aka haife ni, aka sake buga wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a nan. Shi ne kuma gidan Kano Pillars, ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ana iya sayen siminti da rodi ko yaushe, amma irin wannan tarihi ba a sayar da shi a kasuwa.

Dalili na biyu shi ne wurin da filin yake. Yana cikin gari, inda talaka zai iya takawa da ƙafa. Tun ina ɗan ƙarami nakan bi yayana daga unguwarmu mu tafi kallo a ƙasa, kuɗin da za mu ba mai a-daidaita-sahu mu sayi gyaɗa da rake. A hanya za ka ga masu sayar da ruwa da fura da tsire da tutoci, kowa yana samun abin kai wa gida ranar wasa. Idan aka kai filin can wajen gari, mai mota zai je, amma ɗan makaranta da ɗan dako da yaron shago sai dai su ji a rediyo. Mun ɗanɗana irin wannan a 2020, sa'ad da aka mai da filin wurin killace masu cutar korona, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna. Abin ya zama dole a lokacin, gama rai ya fi wasa. Amma na tuna yadda ranakun Lahadi suka yi shiru a unguwarmu.

To, ba zan ƙi sauraron abokan gardamata ba, domin maganarsu tana da kamshin gaskiya. Sun ce jama'ar Kano sun ƙaru ƙwarai, filin kuwa bai ƙaru ba. Sun ce hanyoyin Ƙofar Mata sukan cushe ranar babban wasa, ba kuma isasshen wurin ajiye motoci. Sun kuma kawo misalin Ingila, inda aka rushe tsohon filin Wembley aka buɗe sabo a 2007. Wani abokina har ya yi mini ba'a, ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Amsata gare su ita ce, mu dubi abin da ya faru a ƙasarmu kafin mu dubi na Turai. An buɗe babban filin wasa na Surulere a Legas a 1972, aka yi wasannin Afirka a cikinsa a 1973. A nan ne Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a 1980, ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. Da aka gina sabo a Abuja a 2003, mai ɗaukar mutum wajen 60,000, sai aka juya wa na Legas baya, ya yi shekara da shekaru yana lalacewa, har a 2023 ɗaya daga cikin dogayen turakun fitilunsa ya faɗo bayan ruwa da iska. Shi kansa na Abuja bai tsira ba. Kafin ya cika shekara 20 ciyawarsa ta mutu, sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ta. Ga shi kuma duk wasannin gida da Nijeriya ta buga na neman zuwa gasar duniya ta 2026, a Uyo aka yi su. Ashe ba tsufa ne ke kashe filayenmu ba, rashin kula ne. Wanda bai iya riƙon tsoho ba, ko an ba shi sabo haka zai yi da shi.

Ba sai mun je Legas ba ma. A makarantarmu akwai ajujuwa da aka gina tun kafin a haifi iyayenmu, har gobe muna karatu a cikinsu, saboda duk shekara ana toshe inda ke yoyo, ana canja tagar da ta karye. Akwai kuma wani sabon gini da aka buɗe da biki muna aji ɗaya. Famfo guda ya lalace, aka ce gobe, gobe ta zama wata, wata ya zama shekara, ruwa ya jiƙa bango, yanzu ba mai shiga ɗakin. Kakata a ƙauye ba ta yi boko ba, amma ta san wannan karatu. Kowace shekara kafin damina sai an yi wa ɗakinta yaɓe, an gyara indararo. Ɗakin ƙasa ne, ya kuwa girmi babana. Hatta marinar Ƙofar Mata, maƙwabciyar filin, an ce ta haura shekara 500, kuma ba don komai ta kai yau ba sai don masu ita ba su sake ta ba.

Saboda haka ga gyaran da nake roƙo. A kira injiniyoyi su auna ƙarfin ginshiƙai da matakala, a kuma gaya wa jama'a abin da suka gani. In sun ce wani sashe zai iya rufta wa mutane, a rushe wannan sashe nan da nan, ba gardama. Sauran kuwa a gyara: wurin buga ƙwallo, magudanan ruwa, fitilu, makewayi, ɗakin canja kaya, da ƙofofi masu faɗi yadda jama'a za su fita ba turereniya. Abin da ya fi duka muhimmanci, a ware kuɗi kowace shekara domin kula da shi, a sa ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan. Kada a jira sai an ji babbar gasa na tafe sannan a tashi da fenti, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin da ya rage daga abin da za a kashe wa sabon fili, ni da za a ji ta tawa, sai a kai shi ga filayen makarantu da na unguwanni. Ahmed Musa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasa ta 2010 yana Pillars, ba a babban fili ya koyi taka leda ba. Kowane ɗan wasa daga ƙaramin fili yake farawa, ga shi kuwa irin waɗannan filaye kullum raguwa suke yi, gine-gine na cinye su.

Daga ƙarshe, mu ma 'yan kallo muna da namu alhakin. Wanda ya karya kujera don an ci ƙungiyarsa, kuɗin harajin ubansa ya karya. Idan muna son shugabanni su kula da filin, to, mu fara nuna musu cewa mun san darajarsa. Allah ya ba su ikon gyarawa, mu kuma ya ba mu ikon riƙewa, amin.