Daƙiƙa Huɗu a Filin Arafa



A farkon shekarar 2008 ne dekoda mai ɗaukar shiri ta shigo gidanmu a Maradi, kuma ba zan ɓoye muku ba, ƙwallo ne ya kawo ta. Ana shirin gasar cin kofin Afirka a Gana, ni kuwa sau da yawa lokacin wasa yakan same ni a lakwal ko a masallaci. Wani ɗan kasuwa mai sayo kaya daga Dubai ya nuna mini ita a shagonsa, ya ce in na danna maɓalli guda hoton zai tsaya ya jira ni har in dawo. Na ɗauka cika bakin mai talla ne, sai da ya tsayar da wani mai karanta labarai bakinsa a buɗe, muka sha shayi, sa'annan ya sake shi ya ci gaba daga kalmar da ya tsaya. Kuɗinta ya kusa cinye albashin wata, uwargida ta yi magana, na yi kamar ban ji ba.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Tun 1999 aka fara sayar da irinsa a Amurka da sunan TiVo da ReplayTV, Ingila ta samu Sky+ a 2001, DStv kuma ta fito da tata a 2005. Amma a unguwarmu, inda ɗaukar shiri ke nufin kaset ɗin bidiyo da ƙura ke cinyewa cikin hunturu guda, abin kallo ne. A cikinta akwai faifai irin na kwamfuta, wanda masu gyara ke kira disk dur, mai jiga 80, yana ɗaukar abin da ya kai awa 40. Da na ji awa 40 sai na ce wannan rumbu ne da ba zai cika ba. Bai yi wata biyu ba ya cika.

Mai ɗaura parabol ya kafa mana faranti biyu a kan soro, ɗaya na tashoshin Afirka, ɗaya yana kallon sama ta wajen gabas inda taurarin Arabsat suke. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a tabarma tana kallonsa. Da ya ce mata tauraron yana can sama nisan kusan kilomita 36,000, ba ta ce komai ba; abin da ya burge ta shi ne farantin ya fi wasu mutane sanin alƙibla.

Makonnin farko duk kuskure ne. Tashoshin Larabawa suna faɗin lokacin shirinsu da agogon Makka ko na Girinic, mu kuwa muna tsakani: Makka na gabanmu da awa biyu, Girinic na bayanmu da awa ɗaya. Uwargida ta roƙe ni in ɗaukar mata wani shiri na tashar Iqraa, na saka lokacin kamar yadda na gan shi a rubuce, muka zauna da dare da murna, sai ga wani shiri dabam da aka yi awa biyu bayan nata. Ta dube ni ta ce, “Malam, ashe har lissafin ma sai an ɗauko maka?” Ni da nake koyar da lissafi. Bayan wannan muka gano wani aibin da mai shago bai faɗa ba: tamu mai ƙofa ɗaya ce. In tana ɗaukar shiri ba ka da ikon yawo cikin tashoshi, sai ƴan kaɗan da ke tafe tare da wadda ake ɗauka. Mai ƙofa biyu tana son waya biyu daga kan faranti, da kuɗin da ba ni da su. Haka yara suka koyi duba ɗan jan hasken da ke gabanta. In yana ci, sun san yau babu zanen yara, sai su fita da fushi. In kuwa wuta ta ɗauke ana tsakar ɗauka, wani lokaci a sami rabin shirin, wani lokaci a sami suna kawai ba komai a ciki.

Ranar Lahadi 10 ga Fabrairu aka yi wasan ƙarshe a Akara tsakanin Masar da Kamaru, kuma kiran sallar magariba ya riske mu ba a je hutun rabin lokaci ba. Ranar ce na ji daɗin kuɗina. Na danna maɓalli, ƴan wasa suka daskare, na kori kowa zuwa masallaci ba tare da gunaguni ba, muka dawo muka ci gaba cikin natsuwa. Sai dai akwai abin da ban lissafa ba: maƙwabta ba su tsayar da nasu ba. Muna can baya da kusan rabin awa, sai muka ji unguwa ta ɗauki salati da ihu, wani yaro ya leƙo ta ƙofa yana cewa an ci Kamaru. Muka zauna muna kallon wasan da muka riga muka san ƙarshensa, muna jiran inda Rigobert Song zai yi sake da ƙwallo, Zidan ya ƙwace ya ba Abu Tirika. Babban ɗana, mai son Eto'o kamar ransa, ya sha baƙin cikin sau biyu. Tun daga ranar, in za mu yi kallon baya sai mu rufe tagogi.

Inna ba ta kula dekodar ba sai da azumi ya zo a watan Satumba. Sallar asham ta Harami tana faɗowa ne daidai lokacin da mu nan muke shan ruwa, saboda haka shekara da shekaru ba ta samun ganinta yadda take so. Wannan karon sai na riƙa ɗauka, in mun dawo daga tamu sallar in sa mata, ta zauna da carbi tana sauraren Sudais da Shuraim har barci ya ɗauke ta. Ƙarshen damina ne, in hadari ya haɗu hoton yakan farfashe ya zama ƴan murabba'ai, murya ta riƙa sarƙewa, kuma faifan yana riƙe ɓarnar yadda ta zo; duk sanda aka sake sa daren, a daidai ayar nan ruwan zai sake sauka. Wani dare autarmu ta taɓa telekomand, hoto ya tsaya liman yana ruku'u, muka shagala da hira. Can sai muka ji Inna cikin faɗa: “Kai, ku saki bawan Allah ya ɗago mana, bayansa zai ƙage!” Ta san sarai an gama sallar tun ɗazu. Amma ba ta yarda a bar mutum a sunkuye don wasan yara ba, ko da a hoto ne, kuma tun daga nan aka kafa doka a gidan: ba a tsayar da mai salla.

A shekarar ce Allah ya kira ta aikin hajji. Mun yi shekara shida muna tara kuɗin, ni da ƙannena, ta tashi daga Yamai tare da ƙanenta, kawunmu. Tsayuwar Arafa ta faɗo ranar Lahadi 7 ga Disamba, tashar Saudiyya kuma takan nuna ta kai tsaye tun safe har faɗuwar rana, wanda a agogonmu la'asar ce. Sai tunani ya zo mini in ɗauki ranar gaba ɗaya, ko Allah zai sa mu gan ta. Na san mutane sun haura miliyan biyu a filin, na san lissafin bai ba ni gaskiya ba, amma ɗa ba ya yi wa uwarsa irin wannan lissafi. Matsalar ita ce wuri. Ina buƙatar kusan awa goma, faifai kuwa cike yake. Aka yi zaman gida kamar na rabon gado: uwargida ta sadaukar da shirye-shiryen girkinta, yara suka ba da zanensu suna hawaye, ni ma aka ce in share wasan ƙarshe, na share. Daren asham na Inna kaɗai ba wanda ya taɓa. Na aro ɗan injin wuta wajen maƙwabci na ajiye shi da mai a ciki, na zauna gadin jan hasken nan tun hantsi, ana huɗuba a masallacin Namira, har alhazai suka fara gangarawa Muzdalifa.

Dare uku muka yi muna bincike. Mu gudanar da hoton da sauri, in an nuno fuskoki mu tsayar, mu matsa kusa da gilashi, duk da cewa matsawar ba ta ƙara komai sai manyan murabba'ai. Mun ga tsofaffi suna kuka, mun ga wani yana ba matarsa ruwa a baki, mun ga laima iri-iri. Ban taɓa kallon fuskokin mutane da kyau haka ba. A dare na uku ƴata ta biyu ta yi tsalle ta ce, “Baba, koma baya, ga Inna!” Na koma. A gindin Dutsen Rahama, wata dattijuwa baƙa siririya, an ɗauko ta ta gefe, hannuwa a sama, leɓɓanta na motsi, a kafaɗarta jaka mai ruwan lemo da fari da kore. Daƙiƙa huɗu, sai mai ɗaukar hoto ya juya. Yadda ta karkatar da kai, haka Inna take yi in tana addu'a. Kafin gari ya waye labari ya zaga unguwa, mata suka riƙa shigowa rukuni-rukuni, kowace ta gani ta ce wallahi ita ce, wata har ta gane zoben hannunta, zoben da ni ban gani ba. Na sa wa shirin makulli don kada wani ya share shi bisa kuskure.

Da ta dawo, bayan an raba zamzam da dabino an rage baƙi, muka zaunar da Hajiya gaban tele da alfahari. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta duba, ta ce a maimaita, ta sake dubawa, sa'annan ta juyo ta ce, “Kai wannan, ina ka samo ta? Ba ni ba ce.” Ƙafafunta sun kumbura tun a Mina, yinin Arafa duka a cikin tanti ta yi shi, dutsen ma daga nesa ta hango shi. Kawu ya tabbatar. Game da jaka ta ce ai ba mu kaɗai ke da waɗannan launuka ba, mutanen Kodebuwa ma nasu ke nan. Kunya ta rufe ni, na ɗauki telekomand na ce bari in share, ga wurin awa goma muna buƙata. Ta riƙe mini hannu. “Bar ta. Ita ma uwar wasu ce, wataƙila nata ƴaƴan ba su da irin akwatinka.” Na yanke shawarar barin shirin duka, don dekodar ba ta iya gutsure yanki ta ajiye, ko ka riƙe awa goma ko ka rasa daƙiƙa huɗu. Shekara uku muna zaune da kashi ɗaya cikin huɗu na faifanmu a hannun baƙuwa.

Inna ta rasu a damanar 2011, Allah ya jiƙanta. Ba mai son hoto ba ce. Abin da ta bari shi ne na katin ɗan ƙasa da na fasfo, duka biyun ta ɗaure fuska kamar an kai ta gaban alƙali. Bayan an tashi daga zaman makoki, daren da ƙanwata za ta koma Damagaram, muna zaune shiru a tsakar gida, sai ta ce, “Yaya, sa mana Inna.” Babu wanda bai san abin da Inna ta faɗa ba a cikinmu, ita ma mai roƙon tana wurin ranar. Ban yi gardama ba. Na nemo wurin, muka kalli dattijuwar ta ɗaga hannu ta karkatar da kai, na mayar, muka sake kallo, ban san sau nawa ba. Ba mu tsayar da ita ba ko sau ɗaya, saboda dokar gida. Na sha tambayar kaina ko abin da muka yi daidai ne, mu jingina kewarmu a jikin uwar wasu. Har yau in na tuna ina jin nauyi kaɗan, amma ban yi nadama ba, kuma ina sa ta cikin addu'a tare da tawa.

A bazarar 2013, cikin zafin watan Afrilu, dekodar ta fara wani ƙas-ƙas kamar ɓera na cin ƙwarya, bayan kwana biyu jerin shirye-shiryen ya fito fayau babu komai. Mai gyara ya buɗe ta ya ce zafi da yawan ɗaukewar wuta sun kashe faifan. Ya tambaye ni me ya hana ni juye abin a kaset ko a faifan DVD tun tuni, ga ramukan waya nan uku a bayanta, ja da fari da rawaya, aikin minti biyar. Ban sami amsar ba shi ba. Kullum ina cewa sai an yi hutu.

Yanzu jikokin Inna a waya suke kallon abin da suke so, a lokacin da suke so, ba su san wani jan haske ba. Babban ɗana ya taɓa kwana yana neman Arafar 2008 a YouTube. Ya samo guntayen huɗuba da hoton taron daga sama, bai samo dattijuwar ba. Faifan na cire shi na naɗe a ɗankwalin Inna, yana cikin akwatin takardun gida. An ce mini a Kano akwai masu iya ciro abin da ke cikin mataccen faifai, in farantin cikinsa bai karce ba. Ƙanwata ta ce in na tashi zuwa in gaya mata, za ta biya rabin kuɗin.